Rijiyar da Muka Cike da Shara

Duk sanda na murɗa famfo ya yi mini tarin nan na iska, babu ko ɗigo, sai in tuna gidanmu na Fagge. Jikokina suna cewa na cika damuwa. To, ku ji dalili.

Ina 'yar firamare, kafin a samu mulkin kai, akwai rijiya a tsakar gidanmu. Ruwanta da ɗan zartsi, sabulu ba ya kumfa sosai, amma ko a tsakiyar bazara guga ba ya dawowa wayam. Sai aka kafa famfo a bakin layinmu. Ba a jima ba duba-gari ya shigo, ya leƙa randuna, ya leƙa rijiya, ya ce sauro na haihuwa a ciki, a rufe ta. Babanmu ko musu bai yi ba. Dama kunya yake ji a ce har yanzu a gidansa ake jan guga.

Kakarmu ce kaɗai ta ƙi. Ta ce, "Ku yi mata murfi mana. Me ta ci muku?"

Baba ya ce, "Inna, zamani ya canza. Daga kogi injin lantarki ke turo ruwan nan, ba ya yankewa."

Ta ce, "Injin ɗan'uwanka ne?"

Abin da har yau ke ƙona mini rai shi ne yadda aka cike ta. Da ƙasa aka zuba, da sauƙi. Amma don kada a ɗauko masu jakai, sai Baba ya ce maƙwabta su riƙa kawo shararsu. Toka, gashin kaji, fasassun kwalabe, har ragowar fatu daga gidan majema. Na yi ta bin mahaifiyata ina tambaya, "Idan famfon ya ƙi fa?" Ta ce in daina mugun fata.

Da bazara ta kama, famfo ya ƙi. Aka ce injin ya tsaya, babu lantarki. Tuluna suka yi layi a rana har yara suka fara wasa a kansu. Mahaifiyata ta kwashe mu zuwa Sabon Gari, gidan wata 'yar kabilar Ibo da ke sayen man gyaɗa a wurinta. Ga rijiyarsu nan daram, da murfin siminti da kwaɗo. Ashe su ma duba-gari ya zo musu, murfin kawai ya gani ya wuce. Da mahaifiyata ta ba ta labarin tamu rijiyar, matar ta riƙe baki: "Uwargida, shara? A cikin ruwa?" Ta cika mana tuluna. Na taho ina sanɗa, ƙasa na gasa mini tafin ƙafa, ina tsoron kada tulun da ke kaina ya fashe.

Baba ya kira mai haƙar rijiya a tone ta. Ya shiga kaɗan, ya fito yana tofar da yawu. "Malam, wannan ko jikanka ba zai sha ba."

Kawunmu, ma'aikacin reluwe, ya so ya sanyaya zance. Ya ce ana maganar datse kogin Kwara, ruwa ya riƙa ba da lantarki, inji ba zai ƙara tsayawa ba. Kaka ta ce, "Mutanen bakin kogin fa, ina za a kai su?" Ya ce za a san yadda za a yi.

An datse kuwa daga baya. An tashi garuruwa, gonaki sun nutse, mu kuma har gobe muna jiran a kawo wuta. Yanzu kowane gida a layinmu ya haƙa burtsatse, kowa yana zarce maƙwabcinsa zurfi, ba mai tambayar inda ruwan ƙasan zai ƙare. Makon jiya ɗana ya ce zai kwashe durom-durom ɗin da nake tarar ruwan sama, wai suna ɓata tsakar gida, tunda ga burtsatse. Na ce masa ya bari sai an fitar da gawata.