Akwatin da Na Danna a Wayar Malam Bello

Har gobe ban manta da ranar da na karɓi wayar wani bawan Allah don in taimake shi ba, wata Litinin ce a cikin bazara, shekara huɗu da suka wuce. A lokacin ina jami'in ajiye bayanan marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Wurno. Ga waɗanda ba su san aikin ba, ni ne mai buɗe wa mara lafiya kati, in rubuta sunansa da garinsu da lambar wayarsa, in kai fayil ɗakin da za a duba shi, in an gama in maido shi wurinsa. Sama da ni akwai shugaban asibiti, wanda muke kira Incaj, sama da shi kuma shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Ranar da aka ɗauke mu aiki, abu na farko da aka gaya mana shi ne abin da ke cikin fayil ba ya fita, ko uwarka ce ta tambaya.

Mutumin zan kira shi Malam Bello, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Manomin albasa ne da tafarnuwa, da yamma kuma yana karantarwa a Islamiyya. Shekara tara da aurensa, babu haihuwa. Danginsa duk sun ɗora wa matarsa laifi, shi kuwa sai ya zo a ɓoye ya ce a fara duba shi. Nas ɗinmu, Sista Rifkatu, 'yar Zuru ce, ta yi shekara goma sha ɗaya a wurin. Ita ta tura shi gwaji Sakkwato, ita kuma ta karanta masa sakamakon da ya dawo da shi. Matsalar daga gare shi take, amma akwai fatan magani in ya ga ƙwararren likita.

Ya fito daga ɗakinta ya zauna a bencin ofishina. Daga baya ya ce, "Malam Umaru, ko matata ban hwaɗa ma ba. Ka taimake ni da inda zan iske likitan ga, ban son in yi ta tambaya cikin gari."

Kwamfutar ofis ba wuta, ni kuma datata ta ƙare. Sai na ce ya ba ni wayarsa. Na rubuta abin da muke nema, na buɗe wani shafi, sai ga akwatin nan ya rufe rabin fuskar wayar. Kun san shi. Dogon Turanci ne da ƙananan baƙaƙe a kan wai kukis, a ƙasa da maɓalli babba mai launi na amincewa da duka, na ƙin amincewa kuma sai ka shiga ciki ka yi ta lalube. A rana nakan gamu da shi sau ashirin, ya ishe ni, ban taɓa karanta shi ba.

Malam Bello ya leƙo ya ce, "Mi yac ce?"

Na ce, "Ba komi ba na, Malam. Surutunsu na kawai."

Na danna. Na buɗe shafi na biyu da na uku, kowanne da akwatinsa, duk na danna. Na rubuta masa ranakun ganin likita a takarda, ya yi ta sa mini albarka, ya tafi.

Bayan kwana goma ya dawo, ko sallama bai yi mini ba, ya wuce ofishin Incaj. Aka kira ni da Sista Rifkatu. Ya ajiye wayar a kan tebur. Duk shafin da aka buɗe, ko na labarai ko na farashin albasa, sai ga tallar maganin rashin haihuwa na maza, da hotuna marasa kan gado. Ashe bayan la'asar a majalisarsu ƙanensa ya ari wayar ya duba labarin ƙwallo, ya ga tallar, ya karanta da ƙarfi yana dariya. Da Malam Bello ya yi dariyar tare da su, da ƙila maganar ta wuce. Amma sai fuskarsa ta canza, ya fizge wayar ya tashi. Akwai wanda ya taɓa ganinsa yana shiga asibitinmu. Kafin Juma'a labari ya kai gidan surukansa a Dinawa.

Ya ce, "Yallaɓai, ku kaɗai kunka san zancen ga. Wa yab ba masu magani lambata?"

Sista Rifkatu ta ce, "Malam, wallahi ko mijina bai ji daga bakina ba."

Incaj ya dube ni. Na ce fayil yana wurinsa, babu wanda ya taɓa. Gaskiya na faɗa iyakar sanina. Ko kaɗan zancen akwatin bai zo mini a rai ba, don ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Ka'idar aiki ita ce in aka kawo ƙorafi, a ba ma'aikaci takardar tuhuma, ya amsa a rubuce cikin kwana biyu, sannan kwamiti ya zauna. Mu biyu ne muka taɓa fayil ɗin, amma ita kaɗai aka ba takarda. Dalilin da aka bayar shi ne ƙanen mijinta yana da shagon magani a Achida. Dalilin da ba a faɗa ba kowa ya san shi: ni ɗan gari ne, kawuna limami ne, ita kuwa baƙuwa ce. Kwamiti bai samu hujja ko ɗaya ba, amma dangin Malam Bello suna da baki a sakatariyar ƙaramar hukuma. Aka ce don a kwantar da ƙura, ta nemi canjin wuri da kanta. Ta koma wani ɗakin shan magani a can cikin ƙauyukan Goronyo, inda mota ba ta shiga da damina. 'Ya'yanta biyu ta bar su a Wurno wurin mijinta saboda makaranta. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne, ni ma a lokacin na ɗan yi zarginta.

Bayan wata biyar aka tara mu a Rabah, ma'aikatan bayanai na ƙananan hukumomi uku, za a koya mana shigar da bayanai a na'ura. Wata mata ce daga Sakkwato take koyarwa. Tana cikin nuna mana wani shafi a allo sai akwatin ya fito, wani daga baya ya ce, "Hajiya, danna ki wuce." Ta tsaya. Ta ce wannan akwati izini yake nema. In ka amince da duka, shafin zai ajiye alama a wayarka, masu talla su gane abin da ka nema, su yi ta bin ka da shi duk inda ka shiga. Ta ce ba sa bukatar lambarka, wayar ce suke ganewa.

Ban ci abincin rana ba ranar. Da na koma gida na buɗe shafukan nan uku a tawa wayar, na danna kamar yadda na yi a ta Malam Bello. Kwana biyu ba su cika ba, tallar ta fara zuwa mini, har da hotunan da na gani a teburin Incaj.

Na sami Incaj a ofis na gaya masa komai, na nuna masa wayata. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Umaru, an rufe maganar ga. In ka tada ta, kai za a ba takarda, ni kuma a ce ban yi bincike ba. Rifkatu na cin albashinta can. Bar shi."

Na rubuta bayani duk da haka, na kai sakatariya da hannuna, aka buga hatimi aka karɓa. Sau uku ina bibiya. A na ukun magatakarda ya ce fayil yana teburin shugaban sashe. Iyakar abin da na ji ke nan har yau.

Malam Bello na same shi a gonarsa, yana ban ruwa. Na ce masa ni ne, na bayyana masa yadda abin ya faru. Ya jingina da fartanyarsa ya ce, "Na tambaye ka mi yac ce." Na ce haka ne. Ya ce ya yafe, ya juya ya ci gaba da aikinsa. Matarsa tana nan tare da shi, amma ya daina zama majalisa, kuma duk gidansu babu wanda ya sake taka asibitinmu.

Wurin Sista Rifkatu a babur na je, wata Asabar. Na iske ta ita kaɗai tana awon masu ciki, mata sun cika rumfa. Na jira ta gama da wadda take dubawa, na gaya mata. Ba ta yi fushi ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Malam Umaru, na san ba da gangan ka yi ba. Danna wayar bai dame ni ba. Shekara goma sha ɗaya muna aiki tare, ranar da aka ba ni takarda, a cikinku babu wanda ya ce ya san halina. Wannan ne ya dame ni."

Ta ba ni ruwa na sha, ta kira ta gaba a layi.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, komai a na'ura za ku riƙa yinsa, akwatin nan kuma za ku gan shi har ya gundure ku. An yi shi ne don ya gundure ku ɗin, ku danna ku wuce. In waya ko na'ura tana ɗauke da sirrin wani, ku tsaya ku nemo maɓallin ƙi, ko da zai ci muku minti biyar. In ba ku gane abin da aka rubuta ba, ku ce ba ku gane ba. Na kuma koyi cewa a aikinmu in abu ya ɓaci, ba kasafai ake neman wanda ya ɓata shi ba, wanda ba shi da mai tsaya masa ake nema. Ni an ƙara mini girma bara. Ita har yanzu tana can.