Akwatin Wutar Gidan Tollefson

Orville Brandvold ya yi shekara arba'in yana gyaran rediyo a wani ƙauyen Dakota ta Arewa. Ba gwani ba ne, amma babu wani sai shi.

A kakar 1977 Gus Tollefson, manomi, abokinsa tun suna yara, ya kawo masa rediyon oba-oba na gida, ya ce a haɗa masa akwatin wutar da zai riƙa ba rediyon lantarki. Ɗan abin da ke daidaita wutar, ƙarfin amfiya ɗaya kawai yake bayarwa. Ta isa sauraro, amma magana sai da huɗu. Orville ya yi abin da masu gyara ke yi: ya jingina masa babban tiransisto, wata 'yar na'ura mai ƙara ƙarfin wuta, don ya ɗauki sauran nauyin. Faifan ƙarfen da ke shanye zafi ne bai iso ba, sai ya ɗaura tiransiston a kan murfin gwangwani. Ya taɓa da yatsa, ya ji ɗumi kawai.

"Ba zai ƙone min gida ba dai, injiniyan bola?" in ji Gus.

"Kai da ba ka magana? Zai riga ka tsufa."

A watan Janairu guguwar ƙanƙara ta rutsa da Ardis, matar Gus, da rana tsaka, a mota kusa da gona. Ta kira gida ta rediyon motar. Gus ya danna maɓallin magana zai ce mata ta zauna a motar, sai akwatin ya yi hayaƙi, ya mutu. Ya ɗauko rediyon taraktarsa, wanda ke ji amma ba ya aikawa. Minti ashirin yana jin ta tana tambaya ko ta taho da ƙafa. Ta taho. Bayan kwana biyu aka samu gawarta.

Orville bai faɗa wa kowa zancen murfin ba. Gus kuwa kullum da safe yana shagon, suna shan kofi. In rediyon wani ya yi ƙara a kan teburi, Orville sai ya kashe da sauri, kamar muryar Ardis zai ji.

Ranar da zai rufe shagon gaba ɗaya ya ce, "Gus, akwatin nan. Ni ne."

"Na buɗe shi tun ranar jana'iza. Murfin gwangwanin kofi."

"To me ke kawo ka nan?"

Gus ya ajiye kofinsa.

"A garin nan ni da kai ne kaɗai muke jin muryar Ardis har yanzu. Gobe ka zo gidana, tunda ka rufe."