Sunan da Hajara Ba Ta Faɗa

Hajara mai itace ta zo unguwar Makera a Kaduna tun ana cewa za a yi wa layinmu kwalta, kuma har yau cewa ake yi. Daga wani ƙauye wajen Malumfashi mijinta ya taho da ita. Ya kama aiki a masaƙa, ya yi ta shaƙar ƙurar auduga har tari ya kai shi kushewa. Ya bar mata 'ya ɗaya, Hafsat, da gatari. Motar itace takan sauke mata kaya daga Kakau, ta faskara, ta ɗaɗɗaure, ta kasa daura da shagon da nake ɗinki. Mace ce mai tsadar magana, ba ta ragi, ba ta gyara. Ban taɓa jin daɗin ciniki da ita ba, amma itacenta busasshe ne.

Shekarar da soja suka koma bariki, kowa a unguwa ya zama masanin siyasa. An ce farar hula za su kawo kananzir. Kafin su kawo, har matan ma'aikata sun koma murhu, kasuwar Hajara ta buɗe. Cikin sababbin masu sayen itacenta akwai Ernest, mutumin Kagoro, malamin kimiyya a wata sakandare a Trikania. Shi abin da ya ɗauke masa hankali a duniya ƙwari ne. Yakan kama su, ya busar, ya soke da allura, ya jera cikin akwati mai gilashi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wata ranar farkon damina ya zo sayen itace, sai ga kazar Hajara ta fito daga ƙarƙashin tari da wani abu a baki. Malamin makaranta guda, da taye a wuya, ya bi kaza da gudu har bakin kwata ya ƙwace. Ƙwaro ne mai tsawon ɗan yatsa, ruwan toka, da ɗigo rawaya a baya, ga ƙahoni biyu sirara da suka fi jikinsa tsawo. Yana ta kuka ƙiƙi-ƙiƙi a hannunsa.

"Mama, daga ina wannan yake fitowa?"

"Daga ƙirya," in ji Hajara. "Tsutsarsa ce ke cinye min itace. Za ka sayi ɗaurin ko a'a?"

Ya saya. Sauran bayanin ni na sha shi, ranar da ya kawo wando in rage masa ƙafa. Wai masu dogon ƙaho dangi ne babba, iri dubbai, kuma kowane iri da sunansa a littafi. In ka sami baƙo, sai ka fara nema masa dangi, sannan gida. Ka ƙirga gaɓoɓin ƙahonsa, ka duba ƙayar da ke gefen wuyansa, ka ga yadda bakin fiffikensa ya ƙare. Ya kai shi wurin wani dakta masanin ƙwari a Zariya, suka yini suna jan aljihun tebur suna gwadawa da na ajiye. Sun sami mai kama da shi, amma na can ƙayarsa a miƙe take, na Hajara a lanƙwashe, ɗigon bayan ma ba wuri ɗaya suke ba. Dakta ya ce ba a yanke hukunci da namiji kaɗai, a nemo mace.

Hajara ce ta samo ta. Tana faskare, ta ga wata mai gajeren ƙaho, ta jefa cikin kwalbar man shafawa ta rufe. Ba don sha'awa ba. Ta ce ta gaji da malamin nan yana rusa mata tarin itace.

Aka aika da su ƙasar waje a sake gwadawa. Ana jira, rikicin da ya raba garin nan ya ratso, Ernest ya daina shigowa layinmu. Na ɗauka magana ta mutu.

Sai da wata damina ta zagayo ya dawo, ya rame, da ƙwaron a soke cikin ɗan akwati. Ya tsuguna ya gaida Hajara. Hafsat tana nan, ta zo daga gidan mijinta.

"Mama, an tabbatar. Babu shi a kowane littafi, new species ne, wato sabon iri. Dakta ya ce ni zan raɗa masa suna, kuma in aka buga, shi ke nan, ba mai canjawa har abada. Ina so in sa naki."

"In yi me da shi? Nawa ana kiransa kullum." Ta ci gaba da ɗauri. Can ta ce, "In da gaske ba a gogewa, ka sa na yaron nan."

"Wane yaro?"

Hafsat ce ta amsa, a hankali. Ashe kafin ita an haifi namiji a ƙauye, ƙyanda ta ɗauke shi bai fara tafiya ba. Ni da na yi shekara da shekaru ina kallon matar nan, ranar na fara ji.

"Inna, ƙwaro fa," in ji Hafsat.

"Na ga ƙwaro ne. Inda aka binne yaron an daɗe da nomewa. Ubanku ya tafi, kakanninku sun tafi. In na bi su, wa ya san ya zo?"

Ernest ya zaro biro. "To, yaya sunansa, Mama?"

Nan aka tsaya. Ɗan fari ne, kuma uwa irin Hajara ba ta kama sunan ɗan fari, yana raye ko ba ya raye. Ba ta taɓa faɗa ba, don haka Hafsat ba ta taɓa ji ba. Duk faɗin Kaduna mutum ɗaya ke riƙe da sunan, kuma ita ce kunya ta ɗaure wa baki.

"Sunan sahabi ne," ta ce, tana kallon ƙasa.

Hafsat ta fara jerowa: Abubakar, Umaru, Usman, Aliyu. Hajara tana girgiza kai. Na fito daga shago na ƙara Hamza, Bilyaminu, Zubairu, har na fara kawo waɗanda ban tabbata ko sahabbai ne ba. Duk a'a. Ernest ya ce ba zai rubuta suna a kan zato ba, abin da ba ya gyaruwa. In ba a samu ba, sai ya sa sunan garin Kakau, inda itacen ya fito. Ya miƙa hannu zai ɗauki akwatinsa.

Hajara ta riga shi. Ta goge hannu a zane, ta ɗaga akwatin da hannu biyu, ta kai bakinta dab da gilashin, kamar yadda ake yi wa jariri raɗa a kunne. Ba ta dubi kowa ba. Muryarta ta fito kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.

"Dalhatu."

Ernest ya rubuta, ya maimaita da ƙarfi don ya tabbatar. Ta kau da kai. Na ji tausayinta ƙwarai, na koma kan kekena.

Daga baya ya kawo takardar da aka buga. An ƙara wa sunan wutsiya irin ta masu kimiyya, ya zama dalhatui. Hafsat ta karanta a zuci, ta naɗe. Hajara ba ta sake furta shi ba, ba ta kuma sauya hali ba, har yau ba ta ragi. Abu ɗaya na lura. Akwai gungumen ƙirya a bayan rumfarta da ba ta faskarawa, ko nawa aka taya, tsutsa tana ta cinsa. In ruwan farko ya sauka, ƙwarin suka fara fitowa, kaji suka yo kansu, sai ta ɗauki tsumagiya.

"Kai, ku tafi can," takan ce. "Ku bar min yaron nan."