Baƙar Ƙasa a Kan Gangare

Aikina a Doha gwada rairayi ne. Kamfanin da ya ɗauko ni daga gida yana shimfiɗa ciyawa a filayen atisaye da ake shiryawa saboda gasar cin kofin duniya, ni kuma ina ɗakin gwaje-gwaje ina auna gishirin da ke cikin rairayin da za a ɗora ciyawar a kai. Ilimin ƙasar noma na karanta, na yi shekaru ina haƙa ramuka a dazuzzukan Najeriya, ga shi na ƙare a garin da in ka tona ba abin da za ka tarar sai farin dutse.

A unguwar Mansura nake zaune, a wani tsohon bene, mu biyu a ɗaki. Abokin zamana mai gadi ne a wani kamfanin tsaro, ya ɗan girme ni, ba shi da yawan magana. Tun ranar farko na ji wani lanƙwasa a Hausarsa, na tambaye shi ko daga tsaunin Mambila yake. Ya ajiye cokali ya dube ni.

"Malam, ka san can?"

Na ce na yi damina biyu a can ina ɗalibi, muna haƙa ramuka a kurmin da ke gefen tsauni. Da na kwatanta masa wurin, ashe ƙauyensu ne a ƙasan gangaren. Daga ranar na fara kiransa Yaya.

Da annoba ta zo aka kulle gari. Shi yana fita gadi da takunkumi a fuska, ni kuwa sai in yi kwanaki ban leƙa ko ƙofa ba. In ya dawo da la'asar ya yi wanka, sai mu zauna a gindin na'urar sanyaya ɗaki, zancenmu bai wuce tsaunin nan. Shi yana tuna hazon safe da sanyin da ke sa a hura wuta a tsakar ɗaki. Ni ƙasar nake tunawa.

Na ba shi labarin abin da muka gani a ramin farko. Sama baƙa ce wuluk, mai laushi kamar jiƙaƙƙen garin gawayi, kaurinta ya kai kamu guda, tana warin ruɓaɓɓen ganye. Ƙarƙashinta jan yumɓu ne gauraye da tsakuwa, daga nan sai dutsen da ya fara ruɓewa, in ka danna shi da yatsa ya marmashe. Malaman da suka rarraba ƙasashen duniya aji-aji sun sa wa irin wannan suna umbrisol, daga kalmar Latin mai nufin inuwa, don a inuwar kurmi take samuwa, inda ruwan sama ya yi yawa kuma sanyi ya hana ganye saurin ruɓewa.

Ya ce, "To ai baƙar ƙasa ita ce mai albarka."

Na ce baƙar ƙasa iri biyu ce a wurinmu. Akwai ta filin ciyawa, wadda ta riƙe sinadaranta, ita ce abincin manomi. Wannan ta kurmi kuwa kama kawai suka yi. Ruwa ya wanke sinadaranta ya bar ta da tsami, shi ya sa aka ware mata aji dabam. In an sare daji aka ƙone, toka kan kashe tsamin, masara ta yi kyau shekara biyu ko uku, daga nan ta gaji. Kuma ba abin da ke riƙe da ita a jikin gangare sai saiwoyin itatuwa.

Can ya ce ƙanensa ya sare kurmin da ke saman gidansu a ranin da ya wuce, ya shuka masara da wake. A gidan nan mahaifiyarsu take, da matar Yaya da 'ya'yansa.

Shi ya kira ƙanen ya miƙa mini wayar. Na yi masa bayani daidai gwargwado: ya bar kututturan da suka rage, ya ja kunya a kwance ba a tsaye ba, ya dasa itace a layin sama, in da hali su kwashe daga ɗakunan da ke jikin gangaren kafin ruwa ya kankama. Ya saurare ni har na gama.

"Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma an rufe iyaka, an rufe kasuwa, gidan nan cike yake da bakuna. Kurmi ba ya ciyar da yara."

Ya dai yi alkawarin jan kunyar a kwance, kuma ya cika. Daminar farko ta wuce lafiya, masara ta yi, har hotonta suka turo mana.

A damina ta biyu ne saiwoyin da suka mutu suka gama ruɓewa. An yi kwanaki ana ruwa ba tsayawa. Ranar wata Juma'a mun dawo daga masallaci, muna ƙoƙarin zuba shinkafa, wayar Yaya ta yi ƙara. Na ga ya tashi tsaye, ya koma ya zauna a ƙasa, bakinsa yana motsi da salati amma sauti ba ya fita. Gangaren ya zaftare da hantsi. Baƙar ƙasar ta sha ruwa ta yi nauyi, ta sulɓe a kan yumɓun, ta gangaro da gonar gaba ɗaya ta rufe ɗakuna biyu. Mahaifiyarsa tana ciki, da ƙaramar 'yarsa da ba ta rabuwa da kakarta.

An tono tsohuwar washegari. Ta waya muka bi jana'izarta, hoton yana tsinkewa, ruwa yana zuba a kan masu ɗauke da makara. Yarinyar kuwa an yi ta haƙa da diga da shebur har ƙasar ta fara motsi a ƙarƙashin ƙafafun mutane, mai unguwa ya ce a tsaya kada a ƙara asara. Aka yi mata salla a kan tarin ƙasar.

Yaya bai tafi gida ba. Jirage sun yi ƙaranci, akwai killacewa a hanya, kafil ɗinsa, wato ubangidan da bizarsa take hannunsa, kuma ya ce in ya fita wani zai maye gurbinsa. Gidan da ya rushe da bakunan da suka rage duk shi suke kallo. Kwana uku na makoki ya yi a ɗaki, 'yan uwanmu direbobi da masu gadi suna shigowa ɗaya bayan ɗaya da takunkumi, su yi addu'a daga bakin ƙofa su wuce. Daga nan ya sa kakinsa ya koma aiki.

Wata rana muna tafiya a Corniche, titin da ke bin gaɓar ruwa, da yamma, jiragen ruwa na katako suna lilo a bakin teku, ya tsaya ya dafa ƙarfe.

"Malam, kai ka san ƙasar nan. In na koma na haƙa, zan same ta?"

Na san ƙasa mai tsami da laima ba ta barin ƙashi ya daɗe, balle na ƙaramin yaro. Na ce, "Yaya, in aka ɗau lokaci, da wuya." Ya gyaɗa kai, ya ce ya gode da ban ɓoye masa ba. Muka ƙarasa tashar jirgin ƙasa.

Gasar ta zo, gari ya cika da baƙi da ganguna da tutoci. Ciyawarmu ta yi shar a kan rairayi, ana ba ta ruwa da taki kamar jariri. Yaya kuwa an kai shi gadin ƙofa a ɗaya daga cikin manyan filayen, yana wuni a tsaye yana nuna wa jama'a hanya, yana cewa yalla, yalla, wato a wuce da Larabci. Ya rame ƙwarai. Ya gaya mini abin da ya fi yi masa wuya shi ne iyayen da ke wucewa da 'yan mata ƙanana a kafaɗa, an yi musu fenti a kumatu. Sai ya duba tikitin ya kawar da kai.

Da aka gama gasar kwangilarsu ta ƙare, bai nemi a sabunta ba. Na raka shi filin jirgi da akwati ɗaya da bargo. Bayan wasu watanni ya kira ni. Ya ce gangaren ya zama jan tabo, ba abin da ya fito a kai sai ƙaya da wata ciyawa da ko awaki ba sa ci. Ƙanensa ya kasa zaman ƙauyen, ya koma gari yana acaɓa. Shi ya sami fili a kan tudu mai shimfiɗa, nesa da gangare, ya fara gini da tubalin ƙasa. Bai haƙa inda ƙasa ta rufe yarinyar ba. Ya kewaye wurin da duwatsu don shanu su daina bi ta kai, matarsa tana zuwa can ranar Juma'a, shi bai iya zuwa ba tukuna.