Fag ɗin da ya zama baffa

Har gobe ban manta da ranar da na ajiye wa firinsifal makullan ɗakin kwana a kan teburinsa ba. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, ina malami mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai a wata makarantar maza kusa da Kazaure.

Firinsifal ɗinmu Bature ne, ya zo mana da kalmomin makarantar da ya yi a ƙasarsu. Karatun yamma firef. Hana yaro fita gari getin. Wadda ta fi ci mini rai ita ce fag, wato ɗan aji ɗaya da ake ba ɗan aji biyar ya riƙa yi masa wanki da ɗebo ruwa.

Da aka yi rabo, Sani, ɗan aji biyar daga Gwiwa, ya sami Ɗanlami. Ashe Ɗanlami autan kakansa ne, ƙanin mahaifinsa! Washegari Bature ya ga Sani ɗauke da bokitin ɗan aji ɗaya, yaron na biye da shi hannu rabbana. Nan take ya ce Sani ya rushe tsarin makaranta, ko ya karɓi fag ɗinsa ko ya tattara kayansa. Ga jarrabawar fita ta ƙarato.

Sani ya same ni ido jawur. "Malam, gara a kore ni. Da wane ido zan kalli Baba in baffana ya wanke mini wando?"

Raina ya ɓaci, na faɗa ofis.

"Ranka ya daɗe, a garinku Ɗanlami fag ɗin Sani ne. A Gwiwa baffansa ne."

"A nan aji ne girma," in ji shi. "Kai ma kana iya bin Sani ku tafi tare."

"To bismilla, ga makullanka. Ba da ni za a sa ɗa ya aiki ubansa ba."

Ya yi ja kamar gauta. Daga ƙarshe aka mayar da korar ta zama getin na zango guda, Sani ya rubuta jarrabawarsa. Ni kuwa aka tura ni wata ƙaramar makaranta a Babura, wai ina da taurin kai. Oho dai!

Ku matasan malamai, ku koyar da kalmar baƙo, amma ku san ɗan wa kuka ɗora wa ita. Bara na ga Sani a wajen wani suna, da furfurarsa da motarsa, ya durƙusa yana zuba wa Ɗanlami ruwan wanke hannu.