Rigar Metir da Almakashina

Ni tela ne, karatuna kuma bai wuce lambobin da ke jikin tef ɗin awo ba. Aji biyu na yi a lakol, malaminmu ya roƙi ubana da girman Allah ya zo ya ɗauke kayansa.

Akwai wani tsohon lauya a Maraɗi da nake ɗinka wa kaftani tun gemunsa na baƙi. Metir muke ce masa, yadda ake kiran lauyoyi a nan. Wata rana ya shigo shagona rungume da baƙar rigarsa ta shiga kotu, ɗinkin Faransa, yadin sulɓi kamar ruwa. A bayansa ga wata budurwa a keken guragu tana murzawa da hannu. Ɗiyar wani manomi ce daga Tsibiri, shan inna ya kama ta tun tana rarrafe. Ta gama karatun shari'a, duk ofishin lauyan da ta je sai a ce matakalarsu ta yi mata tsawo. Metir ya ɗauke ta yana koya mata aikin, ga shi har za ta yi rantsuwar zama lauya.

Metir ya ce, "Ka rage mata ita. In ta zauna, kada ta taɓa taya."

Na ce, "Metir, rana ce ta buge ka a hanya? Wannan rigar zan sa wa almakashi?"

"Kai dai yi abin da aka sa ka, tsohon banza."

Da suka tafi na shimfiɗa ta, hannuna ya ƙi. Sai na yi dabara irin tamu ta teloli: na ninke ƙasan zuwa ciki, na bi da ɗinki, ban yanke ko zare ba. Har yaba wa kaina na yi.

Ranar gwaji budurwar ta saka, ta shafa wajen gwiwa.

"Baba, katifa ka ɗinka mini a ciki?"

"Ninki ne, ɗiyata. Ko da wata rana…"

Ta ce, "Ko da wata rana na kasa, a warware a mayar wa mai ita." Ba ta yi dariya ba. "Haka kowa ke ba ni abu, Baba. Aro."

Metir ya matso. Ya karɓi rigar, ya fizge ɗinkina, ya ɗauki almakashina. Ƙarat! Wallahi sai da na dafe ƙirji ina salati. Mutumin da ko maɓalli bai taɓa ɗinkawa ba! Yankan ya tafi a karkace kamar gulbi da damina, shi ko sai ci gaba yake, harshe a waje.

Ya ɗaga abin da ya rage ya kara a jikinsa. "To, ni dai yanzu ko gwiwa ba ta kai mini. Taki ce, ko kin so ko kin ƙi."

Ta daɗe tana kallon guntun yadin da ke ƙasa, ta share ido da bakin mayafi.

"Metir, don Allah ba Baba almakashinsa, kafin in yi rantsuwa da 'yar shara."

Na karɓa. Saura hannayen rigar, masu faɗi kamar na babbar riga, sarƙar keke za ta cinye su.

Na ce, "Ɗaga hannun dama, Metir ƙarama, yadda za ki ɗaga ranar."

Ta ɗaga. Na auna, na yanka.