Ta Farko Ita Ka Riƙon Bango

Ɗiyata mai karatun kimiyya a Aliero ta zo hutu, tana ba ni labarin darasinsu. Wai duk abu mai danƙo yana da dogayen zaruruwa da ido ba ya gani. Waɗanda suka fara isa jikin abu su ke kwanciya su kama shi, na baya kuwa sai su sarƙe da 'yan'uwansu. Tana magana, ni kuwa warin makuba nake ji, ruwan ɓawon ɗorawan nan ja mai ɗaure baki, da kakata ke jiƙawa don shafen bango a garinmu Alelu.

Shekarar da na gina rumbuna na farko, hadari ya taso ban gama shafe ba, ga geron gidana duka a ciki. Na ɗauki tulun makubar zan kwarara. Kakata ta riƙe mini hannu, tafinta duk ya rine.

"Maigida, hadarin ga ba namu na ba," in ji ta, haka take kiran jikokinta maza. "Share ƙurar tukuna, ka yayyahwa kaɗan, ka bari ta sha. Ta hwarko ita ka riƙon bango."

Haka muka yi, ana tsawa tana taunar goronta. Hadarin ya wuce can garin Kimba. Rumbun yana nan tsaye har yau.

Mu ma kakata ce ta farkonmu, kuma har yanzu muna riƙe da juna. Allah Ya yayyafa wa kabarinta rahama, Ya bar ƙasar ta sha.